Kayan haihuwa marasa kaifi na tsofaffin likitocin Indiya: za su yi wa ungozomar ƙauye amfani?

Ɗiyar Birni:
Assalamu alaikum. Ina shekara ta biyu a lakwal ɗin koyon unguwarzoma nan Damagaram. Wata abokiyar karatuna ta turo min hotuna a WhatsApp na kayan fiɗa na maganin gargajiyar Indiya, wanda suke kira Ayurbeda. An rubuta cewa littafin Sushruta, wani tsohon likitan fiɗa na Indiya, ya lissafa kayan aiki 101 marasa kaifi da 20 masu kaifi, har da na ciro ɗa idan ya gitta. Kakata ungozoma ce a wani ƙauye bayan Mirya, ba ta da komai sai hannunta da reza da zare. Tunda marasa kaifin ba sa yanka, ba za a sa maƙeri ya ƙera irinsu a ba tsofaffinmu ba?

Gwaggo Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Lissafin daidai ne. Marasa kaifin nan, kashi shida aka yi musu. Akwai 24 masu kama da awartaki, tsawonsu faɗin yatsa 18, an ƙera bakunansu irin na zaki da na tsuntsaye. Akwai bututu 20, sanduna 28, sauran matsefata ne da 'yan kayan taimako irin su zare da ƙyalle. Wani likitansu da ya zo daga baya, Bagbata, ya siffanta bututu mai ganye huɗu da ke buɗewa don duba cikin gaban mace, abin da ku ma kuke yi yau da naku na ƙarfe. Suna kuma da bututun ɗura magani cikin mahaifa.

Amma ki duba wurin da littafin Sushruta ya yi maganar ɗan da ya gitta. Da hannu ake farawa, an shafe shi da man shanu, a tura, a juya, a miƙe ƙafa. Ƙugiyar nan da kika gani a hoto ta ɗan da ya riga ya mutu ce, don a ceci uwa. Sushruta ya hana a taɓa ɗa mai rai da ƙarfen yanka. Kuma shi da kansa ya sa hannu a kan gaba cikin kayan aikin duka.

Rashin kaifi ba ya hana ɓarna. Macen da ta kwana biyu tana naƙuda, kan ɗa ya danne mafitsara a jikin ƙashi, naman wurin ya yi laushi har ya fara mutuwa. Sanda mara tsini ma tana huda shi. Na karɓi yarinya da aka kawo a amalanke, zanenta jiƙe, leɓɓanta sun bushe, hannun jariri a waje ya kumbura saboda jan da aka yi ta yi. Da akwai ƙugiya a gidan nan, gawa za a kawo mana. Ta rayu, amma da yoyon fitsari. Don Allah kada ki kai wa maƙeri hoton nan. Mutanen da suka rubuta littafin ba su da tiyatar ciro ɗa mai aminci, ba su san ƙwayoyin cuta ba, sun yi iyakar ƙoƙarinsu ne. Mu kuwa tun 2005 gwamnatin Nijar ta yanke cewa tiyatar haihuwa kyauta ce, ko da yake kowa ya san akwai kuɗin mota da wasu 'yan saye-saye.

Malamin Zangon Tudu:
Allah ya saka da alheri, Gwaggo. Ilimin nan ba baƙo ba ne ga Musulmi. A zamanin Abbasiyawa an fassara littattafan likitancin Indiya zuwa Larabci a Bagadaza, har da na Sushruta. Daga baya a Andalus, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda ya rasu wajen 1013, ya zana kayan fiɗa kusan 200 a littafinsa At-Tasrif, ciki har da na duba mahaifa da na ciro mataccen ɗa, kuma ya yi wa ungozomomi bayanin yadda za su yi. Ki karanta, ɗiyata, zai ƙara miki son aikinki.

Ɗan Wanzan:
Ni abin da ya taɓa ni, cikin bututun nan har da ƙaho na tsotsar jini, irin wanda babana ke ɗauka a zabirarsa zuwa kasuwar Dole. Kuma ɗalibansu a jikin duma da kankana da salkar ruwa suke koyon yanka kafin su taɓa mutum. Wato sun san horo. Yana min ciwo idan ana zagin aikin gargajiya a dunƙule. Sai dai a maganar naƙuda ina bayan Gwaggo. Babana ya daina yankan gishiri tun ina yaro, ya ce ƙashi ne ke tare ɗa, aska ba ta buɗe ƙashi. Matan da suka zo nemansa kan haka, asibiti yake tura su, wasu har su yi fushi.

Ɗiyar Birni:
Na gode muku duka, na bar maganar maƙeri. Gwaggo, ranar Juma'a zan je ƙauye. Me zan kai wa Kaka, kuma yaya zan faɗa mata ba tare da ta ga na raina ta ba?

Gwaggo Mai Ritaya:
Kai mata sabulu da sabbin reza a cikin takardarsu da safar hannu. Kada ki koya mata aiki, tambayarta za ki yi: Kaka, yaya kike gane ɗa ya gitta? Za ta nuna miki da tafin hannu a kan ciki, kuma za ki ƙaru. Daga nan ku yi shawara cewa naƙudar da ta wuce awa 12, ko jini, ko jijjiga, ko hannu ko cibiya ta riga fitowa, sai asibiti nan take. Ki karɓo lambar mai mota ɗaya da mai babur biyu a garin, ki sa a wayar wanda ke kwana gida ɗaya da ita.