Kamfanin giyar Yuengling na garin Pottsville: me ya hana shi mutuwa tare da tsararsa?

Ɗalibar Tarihi:

Assalamu alaikum. Tambayata ta tarihin sana'a ce, ba ta abin sha ba. A Amurka akwai kamfanin giya na Yuengling a Pottsville, jihar Pennsylvania, garin da mutanensa ba su wuce 13,000 da ɗoriya ba. Wani Bajamushe ne ya kafa shi a 1829, kuma har yau yana hannun jikokinsa. A 1873 ƙasar tana da irin waɗannan masana'antu sama da 4,000, kafin 1980 sun koma ƙasa da 100. To me ya kai baƙo wannan lungu tun farko? Yaya suke aikin da ke buƙatar sanyi alhali babu firji? Kuma da me suka rayu lokacin da gwamnati ta haramta giya?

Malamin Tarihi:

Wa alaikumus salam, Malama. Kwal ne ya kai shi. David Gottlieb Jüngling ɗan Aldingen ne, kusa da Stuttgart a ƙasar Württemberg. Da ya iso Amurka a shekarun 1820 sai ya sauya rubutun sunansa zuwa Yuengling don bakin mutanen wurin ya iya kamawa. A lokacin Pottsville tana tashe saboda kwal mai tauri da ake haƙa a gundumar Schuylkill, leburori Jamusawa da 'yan Ailan da 'yan Wales suna ta kwarara. Giya a wancan zamani ba ta tafiya mai nisa, kafin keken doki ya kai ta wani gari ta yi tsami. Saboda haka mai dafawa dole ya zauna inda masu saye suke.

Ya buɗe a titin Centre da sunan Eagle Brewery, shi ya sa har yau tambarinsu mikiya ce. Shekara biyu kacal, a 1831, gobara ta cinye wurin ƙurmus. A ganina wannan gobara ita ce arzikin gidan, don ita ta tilasta masa komawa titin Mahantongo, a jikin dutsen Sharp Mountain, inda akwai ruwan maɓuɓɓuga da kuma dutsen da za a fafe. Masu haƙar kwal ne suka fafe masa koguna da hannu. Sunan D. G. Yuengling & Son ya zo a 1873, da ɗansa Frederick ya shigo cikin harkar.

Mai Ilimin Sarrafa Hatsi:

Malam ya kawo mu bakin kogo, bari in shiga ciki, don sai an san aikin kafin a gane darajar dutsen nan.

Ana farawa da tsiro. A jiƙa sha'ir kamar kwana biyu, ana sauya ruwa, har danshin ƙwayar ya kai kusan kashi 45 cikin 100. A baza shi a daɓe kwana huɗu zuwa biyar a wuri mai sanyi, wajen digiri 15, ana juyawa da shebur. In an yi sakaci da juyawa, saiwoyin sai su sarƙe su zama kamar tabarma, cikin tarin ya ɗau zafi, ya yi fumfuna. Duk wadda ta taɓa ganin tsiron dawa na kunu ta san wannan wari. Daga nan a busar a ɗakin wuta. Nan ne asalin yawan gobarar masana'antun wancan lokaci: ga wuta a ƙasa, ga busasshen hatsi da ƙurarsa a sama, ginin kuma katako.

Sai a ɓarza tsiron, a dama da ruwa mai zafin digiri 62 zuwa 72. A wannan tsakani ne sinadaran da ke cikin tsiron suke mayar da sitaci sukari. In zafi ya haura 78 sun mutu, sai a tashi da fate maras zaƙi. A tace, a tafasa ruwan awa ɗaya zuwa biyu a tukunyar jan ƙarfe tare da furen hops, wanda ke ba shi ɗaci ya kuma hana shi saurin lalacewa.

Haɗarin yana bayan tafasa. Dole ruwan ya huce da sauri kafin a zuba yis, kuma hanyar da suke da ita ita ce shimfiɗa shi a faffaɗan tire mara zurfi a saman bene, iska na kaɗawa. Da hunturu lafiya lau. Da zafi kuwa ƙwayoyin da ke cikin iska su riga yis ɗin shiga, tukunya guda ta yi tsami a zubar. Shi ya sa aikin ya fi kankama da sanyi, a adana na rani.

Wani abin lura: Yuengling bai fara da lager ba, nau'in giyar da aka san Jamusawa da ita. Da ale da porter ya fara, irin na Ingila, domin yis ɗinsu yana aiki a digiri 15 zuwa 20. Yis ɗin lager sai wajen 1840 ya iso Amurka, shi kuma yana son digiri 7 zuwa 13, sannan a kwantar da gangunan makonni da yawa a sanyin da ya kusa daskarewa. Kogon dutse yana zama wajen digiri 10 rani da damina, sauran sanyin a cike shi da ƙanƙarar da aka yanko daga tafki da zarto, aka lulluɓe da garin katako. Shekarar da hunturu bai yi ƙarfi ba, ƙanƙara ta yi tsada, wanda ba shi da kogo ya shiga uku. Haka aka yi ta fama har injin sanyaya na Carl von Linde ya fito a shekarun 1870.

Ɗalibar Tarihi:

Na gode, Malam. To sha'ir ɗin daga Jamus suke kawo shi?

Mai Ilimin Sarrafa Hatsi:

A'a, na Amurka suka tarar, kuma ya ba su wahala. Na Turai mai layi biyu ne a zangarniya, na Amurka mai layi shida, furotin ɗinsa ya yi yawa. Abin da aka dafa da shi zalla, da ya yi sanyi sai ya gurɓace kamar ruwan tsari, ga saurin lalacewa. Dabarar da Jamusawan suka gano ita ce surkawa da tsakin masara ko shinkafa, kamar kashi 20 zuwa 30 na hatsin. Amma masara ba a zuba ta kai tsaye, don sitacinta ba ya narkewa a zafin da na sha'ir ke narkewa. Sai an dafa ta daban tare da ɗan tsiro kaɗan don kada ta kama gindin tukunya, sannan a haɗa. Irin wannan matsala kamfanonin Najeriya suka ci karo da ita a 1988, da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir suka koma dawa: ita ma sitacinta sai da zafi mai yawa.

Tsohon Akanta:

Ni zan ɗauki tambaya ta uku, ranki ya daɗe, don a nan aka binne yawancin tsararsu.

Haramcin ya fara aiki a Janairun 1920, dokar Volstead ta ce duk abin sha da barasarsa ta kai rabin kashi ɗaya cikin 100 haramtacce ne. Mai gidan a lokacin Frank Yuengling ne, jikan mai kafawa, wanda ya karɓi ragama a 1899 yana ɗan saurayi bayan rasuwar mahaifinsa, ya riƙe har 1963. Abu biyu ya yi. Na farko, ya ci gaba da dafawa yadda aka saba, sai a ɗumama a kore barasar, tunda ita tana tashi a digiri 78, kafin ruwa. Illar ita ce zafi yana tafiya da ƙamshin, ya bar ɗanɗanon dafaffen hatsi, saboda haka ciniki bai kai na da ba ko kusa. Kada a haɗa wannan da lemun malt da ake sayarwa a shagunanmu, wanda shi tun farko ba a bar shi ya tsimu ba. Ribar Frank a nan ba ta kuɗi ba ce: tukwane ba su yi tsatsa ba, yis bai mutu ba, ƙwararrun ma'aikata ba su watse ba. Na biyu, a 1920 ya gina masana'antar madara da askirim a tsallaken titi. Hikimar a fili take, yana da injin sanyi, yana da motocin rabo, ya san kowane mai kanti a gundumar. Askirim ɗin ya ci gaba har 1985. Da doka ta sassauta a Afrilun 1933, a shirye suke, har suka aika wa Shugaba Roosevelt mota guda ta giyar da suka sa wa suna Winner Beer. Wanda ya sayar da tukwanensa a matsayin gwangwan a 1921 ba shi da jarin dawowa.

Amma shekarun da suka fi hatsari su ne 1950 zuwa 1980. Kwal ya faɗi, matasa suka bar gari, manyan kamfanonin St. Louis da Milwaukee suka zo da gwangwani da tallan talabijin da farashi mai rahusa. A nan tsarin gadonsu ya yi aiki. Ba a raba kamfanin tsakanin magada, wanda ke son sa daga cikin 'ya'ya shi zai saya daga hannun na gaba da shi. 'Ya'yan Frank, Richard da Dohrman, suka karɓa a 1963, sannan Dick Yuengling ya saya daga mahaifinsa Richard a 1985. Wanda ya ci bashi ya sayi abu ba ya wasa da shi, kuma babu 'yan'uwa goma da kowa zai ce a sayar a ba shi rabonsa. Lokacin da Dick ya karɓa ba sa kai ganga 150,000 a shekara, ganga ɗaya kuwa lita 117 ce. A 1987 ya dawo da wata tsohuwar lager mai launin ja-ja, ta karɓu har tsohon ginin ya kasa biyan buƙata. Ya sayi masana'antar Stroh da ke Tampa a Florida a 1999, ya buɗe sabuwa a Mill Creek kusa da gida a 2001. Yanzu suna haura ganga miliyan 2 a shekara, 'ya'yansa mata huɗu suna cikin harkar, tsohon ginin titin Mahantongo kuma har yau ana dafawa a cikinsa.