Alamar Wi-Fi ta ɓace bayan an sake ɗora Windows

Ɗaliba daga Zariya:
Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Na kai kwamfutata ta cinya wurin wani mai gyara saboda nauyin da take yi, sai ya goge komai ya sake ɗora mata Windows 10. Tun da na karɓo ta alamar Wi-Fi ta ɓace daga ƙasan allo, ga aikin da zan tura wa malamina ranar Litinin, shi kuma mai gyaran ya yi tafiya. Don Allah a ba ni shawara.

Mai gyara daga Kano:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, domin da wuya a ce katin Wi-Fi da ke cikin kwamfutar ne ya lalace. Abin da aka fi samu shi ne sabon Windows bai zo da direban katin ba, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi. Ki fara tabbatar da cewa ba a kunna yanayin jirgin sama ba, sannan ki danna maɓallin dama na linzami a kan tambarin Windows, ki buɗe Device Manager, ki gaya mana abin da kika gani.

Ɗaliba daga Zariya:
Na buɗe, Yaya. Akwai wani abu mai suna Network Controller da alama ruwan ɗorawa a gefensa. Amma ta yaya zan sauko da direba alhali intanet ɗin ne ba ni da shi?

Malamin sakandare:
Wayar da ke hannunki ita ce mafita, 'yata, kuma ta kebul za ki bi, tunda hanyar iska a rufe take. Ki kunna data, ki haɗa wayar da kwamfutar, ki shiga saitin wayar wurin da ake raba intanet, ki kunna USB tethering. Idan Android ce, kwamfutar za ta ɗauke ta tamkar intanet na kebul ba tare da an ɗora komai ba, amma iPhone tana bukatar a fara ɗora manhajar Apple. Ki lura da kebul ɗin sosai. Ni na taɓa shafe yammaci guda ina fama, wurin kunnawar ya dushe ya ƙi dannuwa, ashe kebul ɗin da na saya a bakin tasha na caji ne kawai, babu wayoyin ɗaukar bayanai a cikinsa. Da na ɗauko wanda ya zo a kwalin wayar, nan take ya kama.

Hajiya mai shagon buga takardu:
Malam ya yi gaskiya, sai dai ina da gargaɗi. Sabon Windows da zarar ya ji intanet zai shiga sauko da sabuntawa, kuma yana iya cinye datar da kika saya ta wata guda kafin ki ankara. Ki shiga saitin hanyar da kika haɗa ki kunna Metered connection, domin ya san datar a ƙidaye take.

Mai gyara daga Kano:
Shawarar Hajiya tana da kyau, amma a sani cewa idan an kunna wannan, Windows kan daina sauko da direbobi da kansa, don haka da hannu za a nemo shi, wanda ni ma na fi so. Ƙanwata, ki buɗe wancan Network Controller, ki shiga Details, ki zaɓi Hardware Ids. Lambar da ke bayan VEN ita ce ta kamfanin da ya ƙera katin: 8086 na Intel ne, 10EC na Realtek, 14E4 na Broadcom, 168C kuma na Atheros. Kada ki yarda da manhajojin da ke alkawarin gyara dukkan direbobi a dannawa ɗaya, domin na sha cire tarkacen talla da suka zuba a kwamfutocin mutane.

Ɗaliba daga Zariya:
Alhamdu lillahi, kebul ya yi aiki. Abin da na gani shi ne VEN_10EC da DEV_B723.

Mai gyara daga Kano:
To, katinki Realtek RTL8723BE ne. Ki kifa kwamfutar ki karanta lambar samfurinta a takardar da ke manne a ƙasa, ki shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta, ki sauko da direban wannan katin na Windows 10, ki ɗora, sannan ki kashe ta ki kunna. Ki ajiye kwafinsa a filashi saboda gaba.

Ɗaliba daga Zariya:
Alamar ta dawo, har ina ganin sunayen Wi-Fi na maƙwabta, amma na wayata bai fito a jerin ba, ko da yake na kunna raba intanet ta Wi-Fi a cikinta.

Malamin sakandare:
Wannan katin zangon 2.4 GHz kaɗai yake ji, wayoyin yanzu kuwa wasunsu kan raba intanet a kan 5 GHz. Ki koma saitin rabawar ki mayar da shi 2.4, kuma ki sa kalmar sirri mai ƙarfi.

Ɗaliba daga Zariya:
Na mayar, ya fito, kuma ya haɗu. Yanzu haka aikin yana tafiya zuwa ga malamina. Allah Ya saka muku da alheri, Yaya da Malam da Hajiya.