Ta yaya kwamfuta ke rarrabe sautukan kiɗa ta hanyar auna nisa?

Ɗalibin Kwamfuta:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske a kan ra'ayin Peter Gärdenfors na Jami'ar Lund da ke Suwidin, wanda a shekarar 2000 ya bayyana cewa ana iya ɗaukar kowace ma'ana a matsayin yanki a cikin wani fili na lissafi. Yaya wannan ke aiki a kan kiɗa, kuma shin na'urar da aka gina a kansa za ta iya ƙirƙirar sabon abu?

Malamar Lissafi:
Wa alaikumus salam. Tushen maganar shi ne, sautuka biyu da kunne ya ji sun yi kama ana ajiye su kusa da juna, waɗanda suka bambanta kuwa a nisanta su. A 1977 John Grey na Jami'ar Stanford ya kunna wa masu sauraro sautukan kayan kiɗa guda 16, suka riƙa auna kamanninsu bibbiyu, sai lissafi ya jera sautukan a fili mai ma'auni uku (kamar tsawo da faɗi da zurfi), ɗaya daga cikinsu yana nuna kaifin sauti. Sharaɗin Gärdenfors kuwa shi ne, idan sautuka biyu suna cikin rukuni ɗaya, duk wanda ya faɗo tsakaninsu ma ɗan rukunin ne. Saboda haka na'ura ba ta buƙatar a lissafa mata dokoki. Ta ji misalai, ta gano tsakiyarsu, sannan ta kai kowane sabon sauti ga tsakiyar da ta fi kusa da shi.

Mai Haɗa Sauti:
Malama ta yi bayani mai gamsarwa. Batun ƙirƙira, abin da ya fi jan hankalina shi ne wuraren da babu kowa a cikin filin. Tsakanin sautin sarewa da na goge akwai sarari, kuma na'ura za ta iya samar da sautin da ke nan, alhali babu kayan kiɗan da ke fitar da shi. Jamie Forth da Geraint Wiggins da Alex McLean sun tattauna amfani da irin wannan fili wajen ƙirƙirar kiɗa a 2010.

Mai Nazarin Kiɗa:
Ina da ja a wuri guda, kuma na ɗauke shi da muhimmanci: kunnen wa aka auna? Masanin halayyar ɗan Adam Roger Shepard ya siffanta hawan murya da matakalar hasumiya mai murɗewa, inda sautin da girgizarsa ta ninka biyu yake dawowa daidai saman na farko. Amma a binciken Nori Jacoby da abokan aikinsa na 2019, mutanen Tsimane na Bolibiya da aka nemi su maimaita sautuka da muryarsu ba su kiyaye wannan dangantaka ba kamar yadda mawaƙan Amurka suka yi. Kalangu ma misali ne: makaɗi na matse tsarkiya ko ya sassauta ta, sauti ya zame sama ko ƙasa yana bin karin maganar Hausa, kuma mai sauraro kalmomi yake ji. Filin da aka gina da kunnuwan da suka saba da fiyano zai ɗauki wannan zamiya a matsayin kuskure. Ɗan'uwa, idan za ka gina naka, ka fara da tattara hukuncin masu sauraron kiɗan da kake nufi, kafin ka zaɓi ma'aunan filin.