"For buying" ko "to buy": jan biron da ya raba malamai

Malam Bello (Jega): Salamu alaikum malamai. Jiya wata ɗalibata 'yar aji biyar ta rubuta "I went to Argungu for buying fish", abokin aikina ya zabga mata jan biro. Ni ban ga kuskure ba. "For" ai shi ne "don". Na je Argungu don sayen kifi. Ina laifin yarinyar nan?

Malama Hauwa (Birnin Kebbi): Wa alaikumus salam. Malam, abokin aikinka ne ke da gaskiya. Idan mutum zai faɗi abin da ya kai shi wuri, "to" yake sawa, aikatau ya biyo baya tsurarsa: "I went to Argungu to buy fish." In ana son a ƙara wa maganar nauyi, a ce "in order to buy".

Malam Bello: To ai a littafinsu akwai "This net is for catching fish". Ga "for", ga "-ing". Me ya halatta wannan ya haramta wancan?

Malama Hauwa: Can amfanin taru ake faɗi, abin da aka yi shi dominsa. Yarinyar kuwa niyyar tafiyarta take faɗi. Taru ba ya da niyya.

Malam Usman (Yauri): Bari in sa baki. Tushen abin a Hausarmu yake. Muna da hanya biyu: "don in sayi kifi" da "don sayen kifi", duka daidai. Yaro yakan kama ta biyun, ya ga "sayen" ya yi kama da "buying", sai ya jera kalma bisa kalma. Shekara da shekaru ina gyaran takardu, kusan kowane aji sai na ci karo da shi. Abin da nake gaya musu, "for" suna yake so a bayansa: "I went to the market for rice", "He came for an interview". Da aikatau ya shigo, a koma "to".

Baba Dauda (Zuru): 'Ya'yana, kada a yi wa Malam Bello taron dangi. Turawan da kansu sun taɓa haɗa "for" da "to" wuri guda. A fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611 akwai "for to see", kuma har yanzu ana jin irinsa a bakin wasu mutanen Ireland ta Arewa. Kunnensa bai yi ƙarya ba gaba ɗaya.

Malama Hauwa: Haka ne Baba, Allah ya ƙara girma. Sai dai mai ba da makin WAEC da NECO Turancin yau yake dubawa. Kuma abin da ya fi damuna ma shi ne "don kada". Yara su rubuta "for not to be late", alhali "so as not to be late" ne ko "in order not to be late". Ga kuma inda mai aikin ya canza. Mu cikin sauƙi muke cewa "na yi magana a hankali don ta gane". A Turanci sai an kawo "so that": "I spoke slowly so that she could understand." Wanda aka bari a kan "for" shi ne "don", a nan zai maƙale.

Malam Bello: Na karɓi gyaran nahawun, Malama, na gode. Amma jan biron nan har yanzu bai kwanta mini ba. Yarinyar ta yi shiru ranar gaba ɗaya, ita ce kuwa mai ɗaga hannu kullum. An soke mata jimla, ba a rubuta mata daidai ɗin a gefe ba.

Malam Usman: A nan ina bayanka. Ranar Litinin ka rubuta Hausar biyu a allo, "don in sayi" da "don sayen", ka nuna musu duka "to buy" suke komawa. Ka bar ita ta fara fassarawa.

Malama Hauwa: Amma makin jimlar dai kada a mayar mata, Malam.

Malam Bello: Wannan kam sai na sake zama da abokin aikina.