Corolla na jefa P0171, na rasa ta inda iska ke shiga

Assalamu alaikum iyayen gidana makanikai. Ni ƙaramin makanike ne a Suame Magazine, nan Kumasi. Kwana 9 ke nan wata Corolla 2006 mai injin 1ZZ-FE ta hana ni barci.

Na'urar bincike tana nuna P0171, wato iska ta fi mai yawa. In mota tana silo, kwamfutar injin tana ƙara mai har kashi 22 cikin 100. Da na taka totur injin ya kai juyi 2500 a minti ɗaya, sai ƙarin ya sauko kashi 6. Shi ya sa nake zargin iska na satar hanya bayan na'urar auna iska. Na wanke na'urar, na canza gasket ɗin manifol, wato bututun da ke raba wa injin iska, na fesa fetur a kan duk tiyo don in akwai huda injin ya zuƙa ya canza murya, injin ko gezau. Famfon mai lafiya lau, nozul ma an wanke.

Mai motar, wani Alhaji daga Aboabo, ya dage a kai ta a sake saita kwamfutar. Ni dai ban yarda ba, ai rufe ciwo ne kawai.

Don Allah Masta, tiyon iska mai zuwa birki zan toshe in sake aunawa, ko in nemi mai gwajin hayaƙi, wanda zai hura hayaƙi cikin hanyar iska a ga inda yake fita? Alhaji ya fara kira tun asuba.