Zan iya ɗora Baba a jirgin Hells Canyon ga shi da ciwon baya?

Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Farkon watan Mayu in Allah ya kai mu zan kammala karatu a Pullman, jihar Washington ta Amurka, kuma Baba da Umma za su zo bikin yaye mu. Baba mutumin Yawuri ne, a bakin Neja ya tashi, tun bai kai ya riƙe filafili da kyau ba yake cikin kwalekwale. Rabonsa da hawa ruwa ya fi shekara 20, kullum kuma zancensa ke nan. Burina in kai su yawo a kogin Snake, cikin kwazazzabon Hells Canyon, a jiragen nan masu gudu da ke tashi daga Clarkston, ƙasa da awa ɗaya daga inda nake. Damuwata ita ce shekarunsa 68, ga ciwon baya, ba ya jure dogon zama. Umma kuwa tun da jirgi ya kife da maƙwabtanmu a hanyar cin kasuwa ko zancen ruwa ba ta so. Akwai tafiyar rabin wuni, akwai ta wuni cur. Wacce zan ɗauka? Salla da abinci fa? Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya taimaka min.

Wani ɗan uwa daga Spokane:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya albarka a karatu. Na yi ta wuni cur, kusan awa 10 muka yi. Ni da lafiyata sai da na kwana biyu ina jin ƙuguna. Rabin wuni za ki ɗauka. Ki kuma roƙi a ba Baba kujerar baya ko ta tsakiya, don gaban jirgin ne ke ɗagawa ya doki ruwa.

Wata 'yar uwa, ma'aikaciyar jinya:
Kafin ki biya ko sisi, ki tambayi Baba abin da likitansa ya ce game da bayan. In tsufa ne kawai da gajiyar ƙashi, ƙaramin matashi da maganinsa sun isa. In kuwa jijiya ce ta matse, ko an taɓa yi masa aiki, sai likita ya yarda tukuna, don jijjigar ba wasa ba ce. Ki faɗa wa masu jirgin gaskiyar halinsa, ki tambaye su ko jirgin na da rufi da ban ɗaki.

Wani injiniya a Boise:
Bari in yi magana kan tsoron Umma, don abin a tausaya mata ne. Wannan jirgin ba irin na katakon da ake labta wa mutane da buhuna ba ne. Na gorar ruwa ne, an ƙayyade yawan fasinja, kuma akwai rigar kariya ta kowa. Ba shi da farfela a ƙasa. Injin ne ke zuƙo ruwa ta ƙarƙashinsa ya feso shi ta baya da ƙarfi, shi ya sa yake wucewa ta inda ruwa bai kai gwiwa ba. Wani manomi ɗan Niyu Zilan, Bill Hamilton, ya ƙera irinsa a shekarun 1950 saboda kogunansu marasa zurfi. Manyan wuraren da ruwa ke tafasa a kan duwatsu, Wild Sheep da Granite Creek, suna can sama kusa da madatsar ruwa, tafiyar rabin wuni ba ta kusantar su.

Sai dai kada ki sa ran ganin wuri mafi zurfi. Ana cewa kwazazzabon ya kai kimanin mita 2,400, har ya fi Grand Canyon, shahararren kwazazzabon nan na Amurka, amma wannan awon daga ƙololuwar tsaunin He Devil ne, can kudu da nisa.

Wani matashi:
Ni dai a ganina tunda an sha wahalar biza da kuɗin jirgi, a yi ta wuni cur kawai. A nan ne ake kaiwa tsohon gidan gonar Kirkwood, a wuce Dug Bar inda mutanen Nez Perce, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka, suka haye kogin da tsofaffinsu da dawakansu a 1877, lokacin da gwamnati ta tilasta musu barin ƙasarsu ta Wallowa. Dattijon da ya san ruwa zai so ya ga wannan mashigin.

Wata dattijuwa daga Seattle:
A'a ɗana, ba a yi wa tsoho lissafin kuɗin biza da bayansa. Ɗiyata, na raka mijina ta rabin wuni, kuma ba mu dawo da ƙishin komai ba. An rage gudu a Buffalo Eddy muka ga zanen mutanen da a jikin baƙaƙen duwatsu, ƙananan mutane hannuwa a buɗe. Muka ga ragunan dutse sun sauko shan ruwa, wani babba ƙahonsa ya murɗe har gefen ido, ya tsaya yana kallonmu bai ko motsa ba. Waya ta daina kamawa, direba ya kashe inji, ba ka jin komai sai ruwa. Malam har ƙwalla ya yi.

Abinci ki yi naku a gida, don galibi burodi da yankan nama suke bayarwa, kuma akan sa na alade. Azahar kuwa in an tsaya hutawa sai ku shimfiɗa darduma a kan yashi. Ku yi alwala tun daga gida in za ta riƙe, ruwan Mayu na narkakkiyar ƙanƙara ne, yana yanka hannu. A duba ƙasa kafin a shimfiɗa, akwai macizai. Safiya da sanyi, ki sa musu rigunan sanyi ko da kin ga rana.

Batun Ummanki, kada ki matsa mata. Ki nuna mata bidiyon jirgin, in ta ce a'a, a'a ɗin ke nan.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mama, na bi shawararki, jiya na tura wa Umma bidiyon. Ta daɗe ba ta ce komai ba, can ta ce ita za ta zauna a bakin ruwa a Clarkston tare da ƙawata, ta jira mu da shayi. Baba zai ga likitansa ranar Litinin, in ya amince rabin wuni za mu yi, kujerar baya. Shi tambayarsa ɗaya ce: wai wane irin kifi ke cikin kogin, kuma za a bar shi ya tsaya kusa da direba?