Neman kalma: me za mu kira ƙarafunan wuyan jita?

Jama'a, ku taya ni. Shekara 19 ina kaɗa garaya a Kaura Namoda, bana kuma na ɗauki jita, ina zuwa Gusau wajen wani yaro da na girme wa nesa ba kusa ba yana koya mini. Kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: firet, wato siraran ƙarafunan da aka gitta a wuyan jita.

Wuyan garaya sanda ce sumul. Babu alama ko ɗaya, kunne ke jan yatsa zuwa inda sauti yake, kana iya zamewa ka tsaya tsakanin murya biyu. Jita kuwa an yanka mata iyaka. Ranar farko na danna tsirkiya daidai bisa ƙarfen, ta yi wani zizzz kamar ƙuda a cikin gora. Yaron ya kama yatsana ya ja shi baya kaɗan: "Baba, a bayan ƙarfen ake dannawa, dab da shi." Tsirkiya shida, kowace da wurinta, har kan yatsuna suka yi sabuwar kanta.

Na fara tambaya. Wani ya ce tsani. Kamar dai ya dace, tun da sauti hawa yake yi, amma tsani sunan abin ne gaba ɗaya, ba za ka ce "danna tsani na uku" ba. Wani malami daga Talata Mafara ya kawo kunya, irin ta gona. Na so ta ƙwarai, sai dai ka ce wa ɗalibi "taɓa kunya ta biyar" ka ga yadda darasi zai watse.

Wanda ya raba gardamar tsohon da ya koya mini garaya ne. Na kai masa jitar, ya shafa wuyanta da babban yatsa daga sama har ƙasa, ya ce: "Ɗana, wagga ai gaɓa ta, irin ta rake."

Ku duba yadda ta zauna. A jikin rake ko kara, gaɓa tana nufin kumburin nan, tana kuma nufin tsakanin kumburi biyu. Shi ya sa ake cewa a sara mini gaɓa biyu. Haka masu jita ke yi da firet: suna nufin ƙarfen, suna kuma nufin filin da yatsa ke sauka. Gaɓa ta 12 ita ke raba tsirkiya gida biyu daidai, sautin da ka tashi da shi ya dawo da siririyar murya. Kuma tana karɓar ƙirga ba tare da harshe ya sarƙe ba: gaɓa ta ɗaya, ta uku, ta bakwai.

Na san za a ce yatsa ma yana da gaɓa, kalma ma tana da gaɓa a makaranta. Ai magabata sun kira ɗan iccen da ke ɗauke da tsirkiyar goge jaki, ba wanda ya taɓa zuwa turke nemansa.

Ni dai gaɓar jita na riƙa. Makaɗan molo na Argungu da Yawuri, in kuna da wadda ta fi ta, ku kawo, amma ku fara gwada ta da "ta uku" mu ji.